Minti Ɗaya na Ganga Zalla

A watan da ya gabata wani abokina, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana haɗa kiɗan hawus da tekno, wato kiɗan rawa da ake yi da na'ura, a wani ɗan ɗaki da ya mayar situdiyo, ya fitar da sabon faifai mai kiɗa huɗu, biyu a kowace fuska. Babu hotonsa a jikin faifan, babu sunansa, babu ko sunayen kiɗe-kiɗen. Farar takarda ce kawai manne a tsakiya, sai wani hatimi da ya bi kowane kwafi ya buga da hannunsa. Tun da shi bai ga dalilin rubuta sunansa ba, ni ma ba zan rubuta ba. Wannan al'ada ta farin tambari tsohuwa ce a tsakanin masu irin wannan kiɗa, kuma asalinta kwafin gwaji ne da ake raba wa masu sa faifai kafin ya shiga kasuwa, daga baya wasu suka mayar da ita hanyar cewa a saurari aikin, a ƙyale mai shi.

Kafin faifan ya iso hannuna ya riga ya turo mini kiɗe-kiɗen ta waya, ni kuwa saboda ɗoki na kunna na farko nan take, ina zaune a bakin gado, wayar tana kan cinyata. Abin da ya fito daga 'yar lasifikar ya yi kama da mutum yana ƙwanƙwasa ƙofar katako da yatsa ɗaya, ba ya gajiya, ba ya ƙara sauri, kuma babu wanda ya taso ya buɗe masa. Na jira rabin minti, na jira minti guda, ban ji murya ba, ban ji wani kari da zan iya rerawa ba. Sai na yi abin da kowa yake yi, na ja kiɗan da babban yatsa zuwa tsakiyarsa, na tarar da mai ƙwanƙwasa ƙofar yana nan inda na bar shi, sai dai an ƙara masa wani siririn tsaki a tsakanin bugu da bugu. Kiɗan ya haura minti bakwai. Gaskiyar magana kunya na ji a madadin abokina, domin na san irin raba daren da ya yi a kan wannan aiki.

Da dare na kira shi. Na yi ta kewaye-kewaye, na yaba tsabtar sautin, na yaba haƙurinsa, daga ƙarshe dai na fito fili na ce a ganina kiɗan farko bai ƙarasa ba, kamar an aza harsashi an manta da gini. Ya bar ni har na kai aya, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, a ina ka saurara?" Na ce a waya. Ya yi wata dariya da ta ɗan sosa mini rai, ya ce, "To ai ba ka ji shi ba tukuna. Ka zo ranar Asabar, akwai wadda za ta sa shi." Ban ji daɗin amsar ba, domin ta yi kama da abin da masu fasaha suke fakewa da shi idan aikinsu bai karɓu ba, wato su ɗora wa mai sauraro laifi. Amma da na kwana a kan maganar sai na ga cewa abin da na faɗa masa gaskiya ne ta inda ban yi nufi ba. Kiɗan bai ƙarasa ba, kuma da gangan ya bar shi haka, domin akwai wasu da yake jira su ƙarasa masa.

Hawus da tekno duka suna tsaye ne a kan bugu huɗu na babbar ganga a kowace gaɓa, daidai wa daida, babu wanda ya fi wani nauyi. Salon ya girmi na'urorin da ake yin sa da su yanzu, domin an fi danganta shi da makaɗin ganga Earl Young na birnin Filadelfiya, tun farkon shekarun 1970 lokacin da disko yake tasowa. Hawus yakan yi tafiya tsakanin bugu 120 da 128 a minti, tekno kuma yakan ɗara haka. Kiɗan farko na faifan abokina yana kan 128, kuma wannan adadi yana da daɗin lissafi, domin gaɓa 32, kowace da bugu huɗu, sun tashi bugu 128, wato minti ɗaya cif. Wannan minti ɗaya na ganga zalla da ya gundure ni a bakin gado wuri ne da aka share wa DJ, wato mai sa faifai a gidan rawa, domin ya shigo da sabon kiɗa a ƙarƙashin wanda yake kan juyawa, ya daidaita gudunsu har bugun wannan ya hau kan bugun wancan, sannan ya janye tsohon a hankali ba tare da ƙafar mai rawa ta san an canja faifai ba. Da akwai murya ko wani kari a wannan wuri, da sun yi karo da na kiɗan da yake fita, abin ya koma hayaniya. Haka ma mintin ƙarshe, inda ake kwashe kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya har a bar ganga ita kaɗai. Ke nan a cikin minti bakwai ɗin nan, kusan biyu mariƙi ne, wurin da hannun wani zai kama. Na'urar juya faifai ta Technics SL-1200 MK2, wadda ta fito a 1979, ta zama abar dogaron masu wannan sana'a ne saboda tana da wani maɓalli da ake zamewa a ƙara gudu ko a rage shi da kashi takwas cikin ɗari. Yau mafi yawansu da 'yar ma'ajiyar USB suke zuwa aiki, na'ura ma tana iya daidaita musu gudu, amma tsarin mariƙin bai canja ba.

Shi kansa girman faifan, inci goma sha biyu ga waƙa ɗaya ko biyu, filin rawa ne ya haife shi. A da waƙa guda tana zuwa ne a kan ƙaramin faifai mai inci bakwai, wanda yake ɗaukar minti uku ko huɗu, babban faifai kuma na kundin waƙoƙi ne, inda ake cusa kimanin minti ashirin a kowace fuska. A tsakiyar shekarun 1970 Tom Moulton, wanda ya yi suna a Niyok wajen tsawaita waƙoƙin disko domin masu rawa, ya gano cewa idan aka shimfiɗa waƙa ɗaya tak a kan babban faifai, tsagin da allura take bi yana samun sarari ya yi faɗi, sautin ya fito da ƙarfi, kaurinsa kuma ya cika. A 1976 kamfanin Salsoul ya fitar da "Ten Percent" na ƙungiyar Double Exposure, wanda Walter Gibbons ya sake wa tsari har ya haura minti tara, kuma shi ake ɗauka a matsayin na farko da aka sayar wa jama'a a wannan siga. Gibbons DJ ne, a gaban masu rawa yake kwana, don haka ya san inda suke so a tsawaita musu.

Maganar kaurin sauti ita ce ta fi tona asirin kuskurena. Kunnen ɗan'adam yana jin sauti daga kimanin girgiza 20 a daƙiƙa har zuwa 20,000, nauyin babbar gangar tekno kuwa yana can ƙasa, wajen girgiza 50 zuwa 60. Tun da sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa a cikin iska, igiyar sauti mai girgiza 50 tsawonta ya kusa mita bakwai. Lasifikar da ba ta kai girman farce ba ba ta da yadda za ta tura iskar da za ta haifar da irin wannan igiya, saboda haka abin da waya take bayarwa shi ne ɗan ƙwas ɗin da yake saman bugun, gangar kanta kuma ta ɓace. Na yanke wa kiɗan hukunci alhali ƙashin bayansa bai ma iso kunnena ba. Wannan kaurin ne kuma yake wahalar da mai yanka faifai, wato ƙwararren da yake zana tsagin a kan faranti na asali kafin a yi masa mazubi a buga kwafi. Yakan tattara sautuka masu kauri a tsakiya, kada su rabu hagu da dama, domin idan suka rabu tsagin zai riƙa zurfi da tasowa har allura ta yi tsalle. Sannan yayin da allura take matsawa tsakiyar faifai, tazarar da take ci a kowane juyi tana raguwa, sirarran sautuka su fara dusashewa. Shi ya sa abokina ya sa kiɗan da ya fi ji da shi a bakin fuskar farko, inda tsagi ya fi tsawo, kuma shi ne dai wanda na raina.

Tarihin wannan kiɗa gaba ɗaya ya taso ne daga mutanen da suka fara sanin filin rawa kafin su san situdiyo. Frankie Knuckles ya bar Niyok ya koma Shikago a 1977 domin ya riƙa sa faifai a wani gidan rawa mai suna Warehouse, wanda daga wutsiyar sunansa ne mafi yawan mutane suke ganin kalmar hawus ta fito. Bayan daren 12 ga Yulin 1979, lokacin da aka tara faifan disko aka tarwatsa su da nakiya a filin wasan Comiskey Park na wannan birni a gaban dubban 'yan kallo, manyan kamfanonin kiɗa sun ja da baya daga disko, sababbin faifai suka yi ƙaranci. Knuckles ya koma ga tsofaffin waƙoƙi, ana yanka tef ana liƙawa, ana maimaita wuraren da ya lura jama'a sun fi motsawa, daga baya kuma ya sayi na'urar ganga ta Roland TR-909 daga hannun Derrick May na Ditiroyit, ya riƙa kunna ta a ƙarƙashin faifai domin ta ƙara musu nauyi. Samarin da suke rawa a gabansa da gaban Ron Hardy na gidan Music Box ne suka koma gida suka fara yin nasu kiɗan da irin waɗannan na'urori, waɗanda suka samu da araha saboda ba su yi kasuwa ba a wurin mawaƙan da aka ƙera su dominsu.

Babu labarin da ya fi nuna wanda yake da hukuncin ƙarshe kamar na kiɗan "Acid Tracks". Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar TB-303 a 1981 domin ta tsaya wa masu jita a matsayin abokin kiɗa mai kaurin sauti, ba ta yi kama da jita mai kaurin sautin da aka ce tana kwaikwayo ba, aka daina ƙera ta a 1984. Wasu samari uku a Shikago da suke kiran kansu Phuture suka sami guda, suka bar ta tana maimaita ɗan kari ɗaya, ɗayansu, DJ Pierre, yana murɗa maɓallanta, sautin yana buɗewa yana tsukewa kamar makogwaro. Suka kai wa Ron Hardy a kaset. Kamar yadda su da kansu suka sha ba da labari, da ya sa shi karon farko jama'a sun watse daga fili, amma ya nace ya yi ta maimaita shi a daren nan, kafin karo na huɗu wurin ya rikice da ihu. Sai a 1987 kiɗan ya fito a faifai, tsawonsa kusan minti goma sha biyu. Da a waya aka fara turo wa wani irina shi, da tuni na ce na'urar ce ta lalace.

A Ditiroyit, inda masana'antun mota suke rufewa birni yana tsiyacewa, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka haɗu a makarantar sakandare ta Belleville, sun ɗauki wata hanya mai sanyi da ƙarfe-ƙarfe, suna sauraron ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus a rediyo tare da kiɗan fonk na Amurka. Atkins ya kafa kamfaninsa Metroplex a 1985, wani kundi da aka fitar a Ingila a 1988 kuma shi ya liƙa wa salon sunan tekno a idon duniya. Bayan faɗuwar katangar Balin a 1989 kiɗan ya sami gida na biyu a gine-ginen da aka yi watsi da su, kamar gidan rawa na Tresor, wanda aka buɗe a 1991 a ma'ajiyar kuɗi ta ƙarƙashin ƙasa ta wani tsohon kanti. Kiɗan farko na faifan abokina jikan wannan dangi ne, bangon siminti da duhu yake tsammani.

Ranar Asabar na isa wurin da misalin ƙarfe ɗaya na dare. Zaure ne marar ado, rufinsa ƙasa-ƙasa, da manyan lasifiku a kusurwoyi huɗu. Na toshe kunnuwana da 'yan robobin da nake yawo da su, domin ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce kada matsakaicin ƙarfin sauti a irin waɗannan wurare ya wuce desibel 100, kuma ko wannan ɗin ya fi ƙarfin kunnen da zai kwana a ciki babu kariya. Robobin ba su rage mini komai daga gangar ba, domin ita ta ƙirji da tafin ƙafa take shiga. Na sami abokina a can baya, jingine da wani ginshiƙi, ba ya rawa, ba ya ma kallon matar da take sa faifai. Ƙafafun mutane yake kallo. Wajen ƙarfe biyu da rabi ya taɓa kafaɗata, ya sunkuyo ya ce, "Ga shi nan, ya kusa minti ɗaya yana tafe." Ni da na zo musamman domin in ji shi ban san lokacin da ya shigo ba, kuma daga baya na gane cewa wannan shi ne yabo na farko da mariƙin ya samu a daren.

Da tsohon kiɗan ya gama fita, a daidai gaɓa ta 33, wani sauti mai kauri ya shigo a ƙarƙashin gangar, yana birgima a hankali, amo uku kacal yake juyawa. Wannan sautin ban taɓa jin sa ba, domin gaba ɗayansa yana ƙasa da inda waya take iya kaiwa, wato a lokacin da nake zaune a bakin gado ina cewa babu abin da ya canja, kiɗan ya riga ya canja. Na duba kofin ruwan da na ajiye a kan wani ɗan kanta, na ga saman ruwan yana yin zobe yana warwarewa da kowane bugu. Jama'a suka sunkuyar da kai, rawar ta koma ƙugu da gwiwa, aka yi minti guda cur a haka babu wani ƙari. Sai bayan gaɓa ta 64 wannan siririn tsakin da na raina ya shigo, a tsakanin bugu da bugu, kuma na ga kafaɗun mutum ɗari biyu sun ɗago a lokaci ɗaya, wani a gabana ya yi fito, wata ta ɗaga hannu biyu idanunta a rufe. Abu ne da bai taka kara ya karya ba, kwaikwayon ƙarar faranti biyu na ƙarfe da makaɗin ganga yake dannawa da ƙafa. Amma bayan minti biyu ana riƙe mutane a ƙasa, shi ne ya sake su. Abokina ya gaya mini daga baya cewa kusan shekara guda yana ba wa masu sa faifai wannan kiɗa suna gwadawa kafin a yanka shi, a lokacin tsakin yana shigowa bayan gaɓa ta 48, ya lura jama'a ba su gama ƙosawa ba, sai ya ƙara jinkirta shi da gaɓa 16.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai yana wajen minti na biyar, inda aka janye gangar gaba ɗaya na tsawon gaɓa 16, rabin minti ke nan. Babu bugu ko ɗaya a lasifika, sai tsaki da wani amo mai nisa, amma ƙafafun da abokina yake kallo ba su tsaya ba, sun ci gaba da taka bugun da babu shi, daidai a kan lokaci, har ana jin ƙarar takalma a kan siminti. Na rabin mintin nan masu rawa ne suke buga gangar. Da ta dawo babu wanda ya gyara taku, domin ta same su a inda ta bar su. A waya wannan wuri shiru ne kawai marar dalili.

Kiɗa na biyu a fuskar farko hawus ne mai laushi, a kan bugu 122, da dogayen amo na wani tsohon molon lantarki mai maɓallai, irin tafarkin da Larry Heard ya share a Shikago a tsakiyar shekarun 1980. Shi kam ana iya sauraronsa a ɗaki, kuma na fi sauraronsa a kan sauran. Abin da ya burge ni a cikinsa shi ne yadda abokina ya ɗaure amon da gangar, ta yadda duk lokacin da ta buga sai su sunkuya su sake ɗagowa, kiɗan ya zama kamar yana numfashi. Dabara ce da kowa yake amfani da ita yanzu, wasu har su wuce gona da iri, amma shi ya tsaya a inda mai sauraro zai ji motsin ba tare da ya ga hannun da yake yin sa ba. Na ƙarshe a fuska ta biyu kuwa kayan aiki ne tsantsa, ganga da tafi da ɗan kukan 303, babu farko babu ƙarshe, an yi shi ne domin a ɗora shi a kan wani ko a shimfiɗa shi a ƙarƙashin wani, irin yadda Jeff Mills ya yi suna wajen haɗa faifai uku a lokaci ɗaya. Matar da take sa faifai a daren ta bar shi yana gudu kusan minti uku a ƙarƙashin wata tsohuwar waƙa mai murya, kuma babu wanda ya san yana wurin sai mai shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne kiɗan farko na fuska ta biyu, kuma na faɗa masa haka ido da ido. Minti huɗu ne kacal, muryar mace tana shigowa kafin daƙiƙa goma, kuma kowace gaɓa takwas sai an jefo wani sabon abu, kamar mai tsoron baƙo ya tashi ya tafi. Na fahimci dalilinsa. Manhajoji irin su Spotify ba sa lissafa sauraro sai ya kai daƙiƙa 30, saboda haka duk wanda yake son kiɗansa ya kawo masa wani abu ta wannan hanya dole ya kama kunne tun kafin babban yatsa ya motsa, kuma ni ne shaida a kan saurin wannan yatsa. Amma sakamakon shi ne kiɗan ya rasa wurin zama. DJ ba shi da inda zai kama shi, mai sauraro a gida kuma yana da dubban waƙoƙin da suka fi shi iya wannan wasa. A ranar farko shi ne kaɗai na yaba a cikin huɗun, yanzu shi ne nake tsallakewa. Abokina bai musa ba, ya ce dai haya ba ta jiran Asabar.

Maimaici, wanda shi ne zargin da aka fi yi wa wannan kiɗa, ya taɓa shiga littafin doka. A 1994 majalisar Birtaniya ta zartar da wata doka da ta ba wa 'yan sanda ikon tarwatsa tarukan kiɗa na dare a fili, kuma wajen fayyace abin da take nufi da kiɗa ta ambaci sautin da aka fi gane shi da jerin bugu mai maimaituwa. Wasu mutum biyu 'yan Ingila da ake kira Autechre suka mayar da martani a wannan shekarar da wani kiɗa da suka tsara ta yadda babu gaɓar da ta yi daidai da wata. Shekara talatin bayan haka, a watan Maris na 2024, Jamus ta sanya al'adar tekno ta Balin a cikin jerin abubuwan gado na ƙasa da ba a taɓa su da hannu. Ni dai a ganina waɗanda suka rubuta dokar sun bayyana kiɗan daidai, kuma duk wanda ya tsaya daga waje, ko a bayan katanga ko a kan waya, maimaicin kaɗai zai ji, domin ƙananan sauye-sauyen da ake yi a cikinsa sai wanda ya daɗe a ciki yake lura da su.

Mun fito gari ya fara haske, kunnuwana suna ɗan kuka duk da robobin. Abokina yana tafe yana rubuta wani abu a wayarsa, na leƙa na ga ya rubuta cewa tafin kiɗan ƙarshe ya yi kaifi a wannan zaure, a rage shi a na gaba. Bai tambaye ni ko na canja ra'ayi ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Da na farka da rana na sake kunna kiɗan farko a waya, a bakin gadon nan dai. Mai ƙwanƙwasa ƙofar yana nan yadda yake, babu abin da ya ƙaru a sautinsa. Sai dai na kama kaina ina ƙirga gaɓoɓi da diddige a ƙasa, kuma a ta sittin da huɗu na riga na ɗago kai kafin tsakin ya shigo.